Kitsen da Ka Ce In Zuba

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mata ga mijinta, da fatan Kaduna ta karɓe ka lafiya. Saƙonka ya iso Safana, cewa in haɗa kaya in biyo ka. Ga amsata, kuma ban damu da wanda zai karanta ba, tunda a gaban jama'a abin ya faru.

Ka tuna ramin gas da ka gina a bayan ɗakina, kana malamin gona? Mu dama kashin shanu mu zuba, mu rufe ruf, iska ta biyo bututu ta kama shuɗiyar wuta a murhuna. Lokacin kananzir ya yi wuya, mata na zuwa kallo. Ni kuwa sai na ɗauka na auri irin mazan littattafan da nake karantawa.

Kai ka koya mini cewa akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cin kashin su ba da gas. Ka ce kitse ya fi komai ba su ƙarfi, amma kaɗan-kaɗan, don ba sa iya narkar da shi da sauri.

Da aka ce manyanka za su zo dubawa, sai ka so wutar ta burge su. Ka aike ni wurin Baba a mahauta na karɓo kitse daro guda. Na tuna maka maganarka. Ka ce, "Zuba kawai, ni na san aikina."

Kwana biyu wutar ta yi tsalle. Daga nan kitsen ya taso ya daskare a sama, komai ya tsaya. Ranar da baƙin suka zo, ashana bakwai ka ƙyasta.

Ina bayan labule na ji ka ce, "Iyalina ce ta ɓata shi, kun san 'yar mahauta da kitse." Aka yi dariya. Baba yana cikin taron, Malam. Ya zo ne da sabuwar riga don ya ga surukinsa ya fita kunya. Har yau Baba bai koma zama a majalisar ƙofar masallaci ba.

Bayan tafiyarka na kwashe kitsen da ludayi, na roƙi ɗanyen kashin shanu a rugar Tsaskiya, na yi haƙuri wata biyu. Wutar ta dawo. Cokali ɗaya na kitse nake ba ta a mako.

Ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Har yanzu in na ji ƙarar babur sai na leƙa. Amma ba zan hau motar Kaduna ba sai ka zo ka tsaya gaban Baba, inda mutanen nan za su ji, ka faɗi wanda ya ce a zuba.

Allah ya tsare mini kai, ya ba ka ƙarfin faɗa.

Matarka da ke jira a Safana,
Hadiza