Ranar da Baba Ya Saurari Cikin Goɗiya

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Na durƙusa daga nesa ina gaishe ki, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sa gwiwar nan ta bar ki kina samun barci. Mu nan sai godiya. Yaya ta sauka lafiya, an samu namiji, kowa ya ce kunnuwan Baba ya ɗebo, Allah dai ya raya shi da su haka nan. Auta kuma ya ci jarrabawarsa, yanzu ba a iya aikensa ko bakin ƙofa.

Na san labarin hannuna ya riga ni isowa, kuma na san a bakin Mama ya zama karaya uku. Targaɗe ne kawai, Gwaggo. Wani dukushi da muke koya wa ɗaga ƙafa ne ya firgita ya harbe ni. Amma tun ranar Baba ya yanke hukunci: ƙarshen zangon nan in bar sashen kimiyyar dawaki da kula da su, in koma harhaɗa magunguna. Ya ce bai kai ni jami'a don in kwashe kashin doki ba. Ban musa ba, ina kwashewa kullum da safe. Sai dai ina kuma karanta ƙashi da jijiya da abinci da haihuwa da yadda ake tafiyar da barga, kuma ban taɓa son wani abu kamar wannan karatu ba.

Makon jiya suka zo shi da Mama, da nufin ya ga shugaban sashe da yamma. A ajinmu kowane ɗalibi da dokin da aka damƙa masa. Tawa tsohuwar goɗiya ce, muna kiran ta 'Yar Gata, don cikinta ba ya ɗaukar wasa: ciyawa ta ci iya cinta, amma hatsi sai an auna mata ɗan kaɗan a sikeli. Na bar su a inuwar barga na shiga aji. Kin san Mama, ba ta iya ganin mai rai a gaban kwano rabi. Ta leƙa komin abincinta ta ga abin da aka zuba, ta ce mutanen nan ba sa tsoron Allah. Ta hango buhu a ɗakin ajiya, ta cika bokiti fam, ta juye wa baiwar Allah, har tana ce mata ta ci ta ƙoshi kafin marowatan su dawo.

Bayan azahar na tarar da 'Yar Gata ta jiƙe da gumi, tana tonon ƙasa da kofato, tana waiwayen cikinta, tana neman kwanciya ta yi birgima. Da na tambaya, Mama ta ba ni labari da fara'arta, tana jiran godiya. Gwaggo, doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga, in ya kumbura a ciki yana iya kashe shi. Wallahi na ji haushi har hawaye suka zo mini, amma ba lokacin kuka ba ne. Na kwashe sauran hatsin, na kira malamarmu likitan dabbobi, na kama ragama na hana ta faɗuwa. Malama ta zura roba ta hancinta ta fitar da abin da zai fitu, ta yi mata allura, ta sa muka tsoma ƙafafunta a ruwan ƙanƙara don kada zafin ya sauka a kofato. Sannan ta ce saura nawa: in riƙa zagayawa da ita a hankali, ina sauraren cikin.

Duk wannan Baba na tsaye ya harɗe hannu. Da ya ga ina ta manna abin sauraron likita a gefen cikinta, sai ya matso ya tambayi me nake nema. Na ce masa cikin doki mai lafiya ba ya shiru, kullum yana ƙugi, shirun ne abin tsoro. Kin san mutumin da ya tsufa a gareji da kunne a jikin inji. Ya karɓa ya saurara, ya girgiza kai ya ce a mace yake. Daga nan ya dubi hannuna mai bandeji, ya ƙwace ragamar, ya shiga zagaye da takalminsa na fita unguwa, yana taka abin da ya ce bai kai ni jami'a in kwashe ba. Rana ta kusa faɗuwa ya sake sa kunne, sai ya ɗaga murya ya ce inji ya tashi. Na saurara, gaskiyarsa ne. Mama ta zauna a kan buhun ta fashe da kuka. Shi kuwa shugaban sashe, ya gaji da jira ya tafi gida.

Kada ki ɗauka Baba ya janye maganarsa. Da za su tafi cewa ya yi sai ya ji ta bakin yayarsa, shi ya sa na riga shi zuwa. Ba zan yi masa rashin kunya ba, amma ba zan ɓoye miki ba, ba na barin karatun nan. Ina son ranar da wani zai kira ni dokinsa na birgima, in san abin yi. Sunanki aka ba ni, kuma kowa ya ce har taurin kan aka haɗa mini, to yau nake neman amfaninsa. In ya kira ki, don Allah ki tsaya mini.

Ki gaida maigida, da Babban Yaya da iyalinsa, da 'yan biyunki masu surutu. Mama na gaishe ki, ta ce in gaya miki ba da gangan ta yi ba. Jiya ma Baba ya bugo waya, sai da ya gama tambayar ko 'Yar Gata ta ci ciyawa, da irin ƙarar da cikinta ke yi, har ya yi sallama, sannan ya sake bugowa ya ce ya manta, yaya hannun.

Taki har kullum,
Takwararki