Askar wanzami

Gidan Rumji, daren Alhamis, Janairu 2011

Idanun maigida sun yi rawaya tun jiya. Kwana goma ya yi yana bin 'yan siyasa ƙauye-ƙauye da babur, ya bar ƙwayoyin maganinsa cikin akwatina. Alhali likita ya ja mana kunne: mai sida, wato ƙanjamau, da ciwon hanta tare irinsa, maganin nan ne ke danne su biyun, in ya daina sha, hanta ce za ta fara tashi.

Yau da hantsi Inna, uwarsa, ta shigo da wanzami. Wai ciwon shawara ne, a yi masa tsaga a fidda mugun jini. Ba ta san komi ba. Wanzamin nan kuwa shi zai yi wa jaririn ƙanen maigida askin suna gobe, kuma askarsa guda ce.

Na tare bakin ƙofa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba za a taɓa shi ba."

Ta ce, "Ke kika haifa mani shi?"

Ban kauce ba, har wanzamin ya tafi da askarsa. Maigida yana kwance yana jinmu, ya juya fuska bango. Wannan ya fi maganar Inna yi mani ciwo.

Da sassafe zan kai shi Maraɗi a auna shi. Ba za a gan ni wurin suna ba, za a ce baƙin ciki nake. Su ce. Jaririn dai za a aske shi da askar da ba ta sha jinin gidana ba.