Nura Ya Fasa Zama Malami

Assalamu alaikum, Yaya Sule. Ya iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan sai godiya.

Ranar Laraba da hantsi 'yan bindiga suka shigo, suka kore shanun huɗarmu. Malam Isa na firamare ya fito yana ba su haƙuri, suka harbe shi a gaban ɗalibansa. Nuranmu, da kullum yake cewa malami zai zama, shi ya tsinto hularsa cikin jini.

Yanzu ya jingine karatu, sai wasa adda. Na yi masa faɗa, ya ce, "Inna, a ranar nan, wa aka saurara, mai alli ko mai bindiga?"

A gaida yara, ku sa Nura a addu'a. In kana da amsa, Yaya, ka aiko masa. Ni na rasa.

Ƙanwarka,
Rabi