Luguden Hannu Biyu

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana isa gare ki inda kike kwance. Damina huɗu ke nan rabona da Kebbe, har da wadda aka kai ki makwanci ba na nan.

Ina Ikko, cikin 'yan badujalar 'yan sanda. Baturen da ke shugabantarmu zai koma ƙasarsu tunda mulki ya dawo hannunmu, kuma ba za a ba kowa kujerarsa ba sai mai takardar jarrabawar piyano. Wani akwati ne, Inna, mai haƙora farare da baƙaƙe, kowanne da muryarsa. In na faɗi, haka zan tsufa ina busa ƙaho a rana, Kawu ya ci gaba da cewa ɗanki ya zama maroƙin Nasara.

Kiɗan da aka ba ni wani Bajamushe ne ya tsara shi tun kafin jihadi. Hannun dama ya faɗi magana, hagu ya maimaita, kafin ya dire dama ya ɗauko wata. To nawa hagun shigowa yake kamar suruki. Ke kika jawo. Kin tuna ranar da na kai shi akushi, kika make shi da ludayi, “Ba da wanga ba!” Har yau bai daina jin kunya ba. Shi ma Baturen, da rula yake bugunsa. Ba ya ƙaunata, amma bai yi mini ƙarya ba.

Makon jiya ina cikin fama sai na tuno ki da ƙanwata Hajo kuna lugude a turmi ɗaya. Kina ce mata, “Bar duban taɓarya taki, ta abokiyar dakanki za ki saurara.” Na ɗauke idona daga yatsuna na kasa kunne. Kiɗan ya tafi daidai, Inna. Sau ɗaya dai, amma har ƙarshe.

Tun ranar nake tambayar kaina, Bajamushen nan uwarsa tana daka? Me suke dakawa a can? Su ba a make musu hagu ne?

Mai jarrabawa zai zo bayan Sallah. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa hannun da kika hana tuwo ya ciyar da Hajo.

Abin da na iya tarawa don zuwa gida: bargo ɗaya, turmin atamfa na Hajo, da kuɗin jirgin ƙasan da zai kai ni Gusau. Na mota bai samu ba tukuna.

Ɗanki,
Garba