Kada Ka Taɓa Gonar

Zuwa ga Alhaji Ashemi, dillalin doya, Lafia.

Gaisuwa mai yawa. Ya kasuwa, ya iyali? Takarda na ba direba ya kawo maka, domin ruwa ya tafi da wayata.

Rafi ya cika, ya kwana a gonata. Doyar da muka yi maganarta duk ta ruɓe a cikin kunyoyi. Na sa hannu na ciro ɗaya, kamar kunu. Ban yi kuka ba, matata Ngodoo ce ta yi kukan a madadinmu duka. Ina da irin wake kaɗan a ɗaki. Da zarar ƙasa ta sha iska zan shuka, kafin damina ta wuce. Shi ne abin da yara za su ci bana.

Ka huta lafiya. Naka, Ugondo, Adogi.

Abokina Ugondo,

Bayan gaisuwa, Allah ya mayar da alheri. Amma kai da gaggawa! Kada ka taɓa gonar nan. Gwamnati za ta ba manoma tallafin ambaliya. Wani ma'aikaci da ke sayen doya a wurina ya ce za su zo gona-gona, su ɗauki hoton mutum tsaye a cikin ɓarnarsa. Wanda suka tarar da kore a gonarsa, ko sisi. Ka bar ta da warinta, shi ne shaidarka. Kwana nawa ne? Ka gaishe da madam.

Naka, Ashemi.

Alhaji,

Ina gaisuwa. Ban taɓa gonar ba. Kullum da safe ina zuwa in zauna a bakin hanya ina duban mota. Maƙwabcina mai suna Shima bai ji magana ba, ya shuka nasa waken, har ya fara fure. Ngodoo ta daina tambayata. Ruwan sama ya ɗauke tun wancan mako.

Ugondo.

Alhaji,

Gaisuwa. Sun zo jiya, su uku da farar mota. Na sa rigar coci na kai su. Ƙasa ta bushe, warin ya tafi, ciyawa ta kai mini ƙugu. Babbansu ya ce, "Baba, ina gonar?" Na ce ga ta. Ya ce wannan saura ce, ba a noma ta bana ba. Na tona kunya in nuna masa, gara ta riga ta cinye komai. Bai yi faɗa ba, yana da kirki, har ya ce sannu. Ba su ɗauki hoton ba.

Ban ji komai ba. Na koma gida na yi barci.

Ugondo.

Ugondo ɗan'uwana,

Innalillahi. Wallahi raina ya ɓaci, har abinci ya gagare ni. Na je ofishinsu na yi surutu har muryata ta dishe. Sun ce akwai zagaye na biyu, za a sake duba waɗanda aka tsallake. Ka ƙara haƙuri, kada dai ka taɓa gonar tukuna. Ko ba komai wakenka na nan, ka shuka baɗi.

Naka har kullum, Ashemi.

Alhaji,

Na gode da wahala. Ba zan taɓa ta ba. Waken, Ngodoo ta dafa wa yara ranar Lahadi. Sun ƙoshi.

Ka gaida gida.

Ugondo.