Ƙodar Yaya

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ya jikinki, ya wajen ɗinkin tiyatar, ya daina yi miki tsami idan kin yi aiki? Ina maigidanki da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena, ni da hannuna ya fi sabawa da zarto a kan biro. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, sai in ajiye. Ƙanwarki Auta, matata, ba ta da lafiya. Kada gabanki ya faɗi, ba ƙodar ba ce. Ƙodar da kika ba ta shekara biyu da suka wuce tana nan tana aikinta ras, likita har yabonta take yi. Hanta ce.

Abin ya soma da kasala, sai ƙin abinci. Ran nan tana shanya kaya ta juyo ta kalle ni, na ga idonta ya koma rawaya. Yau kwananmu tara a asibiti. Sun ɗebi jini har na ji kamar in ce su rage mata na komawa gida. Sun gwada duk ciwon hantar da suka sani, babu ko ɗaya. Yanzu sun aika jinin wani babban ɗakin gwaji, sun ce mu jira.

Abin da ke cina shi ne ban san inda na yi sake ba. Kin san tun ranar dashen aka gaya mana magungunan da take sha don jikinta ya riƙe ƙodar suna kwantar da garkuwar jiki, ƙaramin ciwo a wajen wani babba ne a wajenta. Ruwanta dafaffe ne. Mai mura ba ya shigar mana ɗaki, ko da uwata ce. Ke da kanki kin ce na mayar da gida asibiti.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Ƙaninki,
Kafinta


Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonki, na karanta wa Auta, ta yi murmushi a wajen da kika ce ta daina shagwaɓa. Allah ya bar zumunci.

Sakamako ya fito, kuma da shi na zo miki da abin da ban san yadda zan faɗa ba. Likita ta ce ƙwayar cuta ce ta ciwon hanta da ke zaune a jikin ɓeraye, ba a daɗe da gane tana kama mutane ba, shi ya sa gwajin farko bai gan ta ba. Mai ƙarfin jiki yakan kore ta bai ma sani ba, amma irin Auta sai ta samu wurin zama ta yi ta cin hantar. Da ta tambaye ni ko akwai ɓeraye a gidanmu, raina ya ɓaci, har na ɗaga mata murya. Gidana? Gidan da nake gogewa safe da yamma?

Na koma gida da rana in tabbatar wa kaina ta yi kuskure. Yaya, kin tuna kabad ɗin da na haɗa wa Auta kafin a sallamo ta bayan dashen, wanda muke ajiye kofinta da farantinta da cokalinta su kaɗai, don kada su haɗu da na yara? Kwana huɗu na yi a kansa. Na goge shi har yana ɗaukar ido, na sa masa makulli. Amma ban yi masa baya ba. Haka muke yi a sana'armu idan kabad na bango ne: katakon baya ba mai ganinsa, sai mu ce bango zai rufe. Na yi wa mutane ɗari irinsa, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Da na kwance ƙusoshin na janye shi, sai ga rami a gefen bututun ruwa, daidai bayan katakon da kofinta ke zama a kai. Ga kashin ɓera a jere a lungu, inda ƙofa ke kare wa ido. Innalillahi! Kwanukan yara da ke waje a kife kullum ana wanke su kafin a ci. Nata kuwa, saboda a kulle suke, sai mu ɗauko kawai mu zuba. Ni na hana a sake wanke su, wai kada hannu ya yi yawa a kansu.

Likita ta ce ba wanda zai iya rantsuwa ta nan cutar ta bi. Na gode mata, amma ni na ga ramin da idona. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka kamar ba namiji ba.

Ga inda muke yanzu. Dole a rage wa Auta magungunan nan don jikinta ya tashi ya yaƙi cutar. Idan ya tashi kuma, yana iya juyawa kan ƙodarki ya ƙi ta. Kin kwanta an yanka ki, kin bar yaranki wata biyu, ni kuma na jawo wannan saboda falle ɗaya na katako. Ban nemi ki yafe mini ba, na dai ga bai kamata ki ji daga bakin wani ba.

Ƙaninki,
Kafinta


Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Kwana goma sha ɗaya ban ji daga gare ki ba, kuma ban ga laifinki ba. Da don kaina ne da ban sake damun ki ba.

Auta tana kashe kanta. An rage maganin, amma da aka auna jininta sai aka ga ƙarfin maganin a jinin bai ragu ba ko kaɗan. Likita ta sa ni in duba kayanta. A cikin jakar hannunta, ƙarƙashin ɗankwali, na samu fakitin maganin da ta taho da shi daga gida, rabi babu. Duk abin da ma'aikatan jinya suka rage, ita tana cikewa idan sun juya baya.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na durƙusa a gaban gado mutane suna kallo. Ta ce ƙodar amana ce kika ba ta, ba za ta bari ta mutu a cikinta ba, da wane ido za ta kalle ki. Kin san taurin kan gidanku. Na ƙwace maganin, sai ta daina karɓar komai daga hannun kowa, har ruwa sai da roƙo. Cikinta ya soma kumbura. Hankalinta ma ya soma gushewa, jiya ta kira ni da sunan babanku.

Likita ta yi mana magana a fili. Idan ƙoda ta tafi, akwai injin wankin jini, mun yi shekara uku a kansa, za mu iya komawa. Hanta ba ta da inji. Ta ce idan aka wuce Laraba a haka, ba ta da sauran abin yi.

Auta ba za ta ji maganata ba, ba za ta ji ta likita ba. Ke kika ba ta, ke kaɗai za ki iya ce mata ta saki. Na san abin da nake roƙo, ina roƙonki ki yi kyautar nan sau biyu. Ki zo, don Allah, ba ta waya ba, sai ta ga fuskarki za ta yarda. Ki zage ni a gabanta idan kin so, ki mare ni, ba zan ɗaga kai ba. Amma ki riƙe hannunta ki ce mata kin fi son ƙanwarki a kan ƙodarki.

Muna hawa na biyu, gado na ƙarshe kusa da taga. Tun safe fuskarta tana kallon ƙofa.

Ƙaninki da ya yi miki laifi,
Kafinta