Farantin da Ya Ƙi Daidaituwa

Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Hadizarki ce daga garin Laurel na kusa da Washington, yau da albishir na zo.

Kin tuna farantin tangaran da Baba ya sayo a gwanjon wani Bafaranshe a Damagaram? Zalɓe can a gefe guda, reshe ya leƙo ta baki, sauran wurin fari fat. Duk ranar goge kabet sai kin juya shi, ki ja da baya, ki sake juyawa. In zalɓen ya miƙe, reshen ya karkace. Kina cewa, "Mai zanen nan fenti ne ya ƙare masa." Amma ko taɓawa ba kya bari mu yi.

Burina shi ne farantin ya shiga kayan ɗakin 'yata, takwararki Ummi. Da aka sa ranar aurenta, Hajiya Rabi ta garin Beltsville, nan kusa da mu, wadda ba a jere sai da ita, ta ce faranti marar ɗan'uwa ba ya shiga jere. Ummi kuwa 'yar nan ce, na ɗauka ba ruwanta da tsohon tangaran. Na mayar da shi akwati, raina duk a jagule.

Ashe yarinyar ta gani. Ta ja ni a jirgin ƙasa har gidan kayan tarihi a Washington. Inna, ga dangin farantinki birjik cikin gilashi! Ta karanta min bayanin da Hausarta mai ɗingishi: Faransawa ne suka ga zanen mutanen Japan, ya tafi da hankalinsu, suka koyi tura tsuntsu gefe su bar fili da gangan. Fentin bai ƙare ba. Shekara da shekaru kina gyaran abin da haka aka so shi. Na yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Ranar jere Ummi da kanta ta kafa shi a tsakiyar kabet. Hajiya Rabi ta harare shi, ta juya shi, ta ja da baya, ta sake juyawa. Hannunki na gani, Inna. Ina dariya hawaye na zuba, don daɗi.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa jikokin Ummi ma su yi ta juya shi.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza